Wa Ke Koya Wa Alƙali, Wa Kuma Ke Duba Aikinsa?

Rannan muna zaga azuzuwan yaƙi da jahilci a ƙasar Kiru, muka sauka Badafi. Da aka tashi karatu sai wani dattijo ya tsaya, ya ce yana da tambaya. An kawo masa sammaci a kan iyakar gona, shi da ɗan wansa. Ya ce, "Malam, wannan alƙali da zan tsaya gabansa, wa ya koya masa aikin? In kuma ya yi kuskure, wa zai gani?"

Tambaya ce mai kyau. Gonar da mutum ya gāda, da aurensa, da rabon marayu, duk suna iya rataya a bakin mutum guda. Don haka muka ga ya kamata mu amsa masa a nan, domin 'yan ajin Bebeji da Tudun Wada da Doguwa su ma su ji.

A zamanin da, alƙali a zaure ya ke koyon aiki. In ya sauke Alƙur'ani sai ya shiga littattafan fiƙihu. Ya karanta Risala, ya karanta Tuhufa, wadda ta ke bayanin yadda a ke shari'a, sa'an nan ya hau Muhtasar. Bayan haka ya kan zauna gefen wani alƙali, ya zama muhuti, watau mai taimakonsa. Shekara da shekaru yana ji yana gani, har ran da Sarki zai naɗa shi. An sami manyan masana ta wannan hanya. Amma fa tana da rauni. Ba jarrabawa, kuma sau da yawa alƙalanci gādo ne na gida. Ɗan malami kuwa ba kullum ya ke zama malami ba.

Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya lura da wannan. A 1928 aka buɗe makarantar Shahuci cikin birni don koyar da ma'aikatan shari'a. A 1934 kuma aka kafa Makarantar Shari'a ta Kano, aka ɗauko shaihunai daga Sudan su koyar. Ɗalibai suka riƙa zuwa daga lardunan Arewa. A 1947 aka sāke mata suna, ta zama Makarantar Koyon Larabci. A nan Malam Abubakar Gumi ya yi karatu, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962.

To, me a ke koya wa alƙali? Sanin hukunci kaɗai bai isa ba, sai ya san hanyar kai wa gare shi. Mai ƙara shi ke kawo shaidu. In ya rasa, wanda ya musa shi a ke ba rantsuwa. Dole a zaunar da masu shari'a biyu daidai, ko da ɗaya attajiri ne ɗaya talaka. An hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi. Akwai kuma abin da a ke kira i'izari. Kafin ya yanke, sai ya tambayi wanda hukunci zai faɗa wa, "Kana da sauran magana? Kana da wata hujja, ko wani abin sūka a kan shaidun nan?" Ku riƙe wannan kalma da kyau. Alƙalin da ya tsallake i'izari ya bar ƙofa a buɗe, kotun sama tana iya rushe hukuncinsa saboda wannan kaɗai.

Sai lissafi. Ga irin tambayar da a kan gwada mai koyon rabon gādo da ita, ku ma ku ɗauki alli ku gwada. Mutum ya rasu, iyayensa sun riga shi. Ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya maza 2, da mace 1. An yi jana'iza, an biya bashi, bai bar wasiyya ba, saura buhun masara 40. Matar tana da tumuni, watau kashi ɗaya cikin 8, buhu 5 ke nan. Saura 35. Namiji yana da rabon mace biyu, don haka a raba 35 gida 5, kowane gida buhu 7. Maza kowa 14, mace 7. Ku haɗa ku gani ko ya cika 40. In alƙali ya kuskure a nan, ba takarda ya ɓata ba, abincin marainiya ya rage.

Ana gab da samun mulkin kai sai aiki ya ƙaru. A 1958 Gwamnatin Sardauna ta gayyaci masana shari'a 6 su duba kotunan Arewa. Shugabansu Sayyid Muhammad Abu Rannat ne, Babban Jojin Sudan. A cikinsu akwai wani joji daga Pakistan, da wani shaihin malami daga Landan, da Wazirin Barno Shettima Kashim. Bisa shawararsu aka rubuta sabuwar dokar laifuffuka, wadda mutane suka kira Final Kod, ta fara aiki a 1960. Mafi yawan shari'un ƙasa a hannun alƙalan En'e su ke a lokacin, su kuwa ba lauyoyi ba ne, da yawa ma ba su jin Turanci. Sai aka juya dokar zuwa Hausa, aka riƙa kiransu kwas a Makarantar Koyon Mulki ta Kongo, a Zariya. Dattawa masu furfura suka koma kan benci da littafi da alƙalami, kamar dai yadda ku ke yi yanzu. Wanda ke jin kunyar zuwa aji don ya tsufa, ya tuna da su. A 1962 masanan nan suka sāke dawowa don su ga yadda aikin ya kama.

A 1968 aka karɓe kotuna daga hannun En'e, aka rufe kotunan Sarakuna, alƙalai suka zama ma'aikatan Gwamnati. A shekara ta 2000 kuma Jihar Kano ta kafa Kotunan Shari'ar Musulunci. Yau mai neman alƙalanci sai ya zo da takardar shaida daga jami'a, ko daga kwaleji irin Kwalejin Aminu Kano ta koyon shari'a. Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta Jiha ita ke ɗaukarsa, ita ke yi masa ƙarin girma, ita kuma ke horonsa ko korarsa. Babban Jojin Jiha ne shugabanta, Alƙalin Alƙalai yana cikinta. Bayan an kama aiki ma ba a daina karatu ba, akwai wata cibiya a Abuja, tun 1991, da ke kiran alƙalai bita.

Ba mu kaɗai ne muka sa wanda ba lauya ba ya yi shari'a. A Ingila ƙananan laifuffuka galibi mutanen gari ne ke yanke su, manomi ko ɗan kasuwa ko malamin makaranta, ba su da albashi. Su kan zauna su biyu ko uku, da masanin doka a gabansu yana nuna musu hanya. Sabon shiga a kan haɗa shi da tsohon hannu, kamar muhuti da alƙalinsa. Daga baya wani ya zo ya zauna yana kallon yadda ya ke aiki, ya rubuta rahoto a kansa.

A ganinmu, wannan dubawa ta bayan naɗi ta fi jarrabawar farko muhimmanci. Jarrabawa tana nuna abin da mutum ya sani, ba ta nuna ko zai karɓi toshiya. Mu malamai mun san haka, don mu ma a kan zo a buɗe rajistarmu ba tare da sanarwa ba.

Ta hanya uku a ke duba alƙali. Akwai sufetocin kotuna da ke zagawa suna karanta littafin shari'a, suna duba kuɗin da aka karɓa da rasit. Akwai ɗaukaka ƙara, inda kotun sama ke karanta abin da ya rubuta tun daga farko har ƙarshe. Alƙalin da a ke yawan rushe hukuncinsa, manyansa sun gani. Akwai kuma takardar kōke zuwa ga Hukuma, in wani ya nemi cin hanci ko ya yi zalunci. Amma kada ka rubuta kōke don ka faɗi shari'a kawai. Faɗuwa dabam, zalunci dabam, ƙazafi kuma laifi ne.

Duk hanyoyin nan uku a kan rubutu su ke tafiya. Abin da ba a rubuta cikin littafi ba, sufeto ba zai gan shi ba, kotun sama ma haka. Don haka muka ce wa dattijon nan, in ya je ya lura ko ana rubuta maganarsa da ta shaidunsa. Kowane kuɗi ya biya ya karɓi rasit. Kada ya dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ke cikinta ba. In hukunci bai gamshe shi ba, ya je wurin magatakarda ya nemi kwafinsa, ya rubuta kwanan watan, domin ɗaukaka ƙara tana da wa'adi, galibi kwana 30.

Sai ya zaro sammacin daga aljihu, ya miƙo mana mu karanta masa. Muka ce a'a, wata huɗu ke nan kana zuwa aji, karanta da kanka. Ya ɗan jima yana bin baƙaƙen da yatsa. Ya sami sunansa, ya sami sunan kotu, sa'an nan ya ɗaga kai ya ce, "Ashe ran Talata ce. Ni da a ka ce mini Alhamis."