Tsohuwar Kombi: Ku Kula da Bawul Kafin Inji Ya Buga

A Turai da Amurka har yau ana yawon hutu da tsohuwar Volkswagen Kombi, wadda kamfanin Westfalia na Jamus ya riƙa mayarwa ɗaki guda, da gado da murhu da wurin ajiye kaya. An fara ƙera ta a 1950, ba a kuma daina ba sai a ƙarshen 2013 a Brazil. Mu ma ba baƙuwarmu ba ce, domin da irinta danfon Legas ya fara. Mai irin wannan mota ya sani cewa abin da ya fi kashe injinta ɗan ƙaramin ƙarfe ne, wato bawul ɗin da ke fitar da hayaƙi.

Injin tsofaffin yana baya ne, kuma ba shi da lagireto. Fanka ce ke hura masa iska, baƙin mai ya kwashe sauran zafin. Bawul kuwa yana sauke yawancin zafinsa ne a ɗan lokacin da ya rufe ya zauna daram a mazauninsa. Shi ya sa aka bar masa 'yar tazara, milimita 0.15 a inji mai cc 1600, wadda ake aunawa idan injin ya huce sarai. Yau da gobe bawul yana miƙewa, tazarar tana raguwa, har ya daina rufewa sosai. Daga nan zafi ya taru masa a wuya, wata rana ana tsakar tafiya kansa ya ɓalle ya faɗa kan fistin. Aikin da sufana da awa ɗaya za su gama sai ya koma na sauke inji.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne, bawul ɗin da ya matse ba ya ƙara. Direba ya ji inji ya yi shiru, ya ce mota ta samu lafiya, alhali ɗan ƙas-ƙas ɗin nan da yake ƙi shi ne shaidar akwai tazara. Bakaniken da ya ɗaure bawul don a daina jin ƙara cutar mai mota ya yi, ko da kuwa da kyakkyawar niyya.

Silinda ta 3, a ɓangaren hagu, ita ta fi shan wahala a injinan da aka yi kafin 1971, domin abin sanyaya baƙin mai yana kan hanyar iskarta, sai ta riƙa samun iskar da ta riga ta ɗumama. Manyan injinan da suka biyo baya daga 1972, masu lita 1.7 zuwa 2.0, nasu ciwon daban ne: zoben da bawul ke zama a kai yakan saki idan kan silinda, wanda na alminiyum ne, ya sha zafi.

A riƙa duba tazara duk kilomita 5,000, a kuma rubuta abin da aka samu. Idan bawul guda ne kullum ake tarar da shi a matse, ya sanar da kai ke nan. A cire kan silinda tun bawul ɗin bai ɓalle ba.

In an zo sake haɗa inji, nan ake tsimin da ke jawo asara. Mutum ya sayi fistin da ringi sababbi, sannan a wanke tsohon bawul ɗin hayaƙi a mayar, wai ai da sauransa. Ido ba ya ganin gajiyar ƙarfe. A sa sabo, a duba bututun da yake zirga-zirga a ciki, a nemi tsagewa tsakanin mazaunan bawul da ramin fulogi. Faifayen kwanon da ke kewaye da injin, da robar da ke bakinsu, ba ado ba ne. Su ke hana iska mai zafi ta ƙasa komawa cikin fanka. A yanayi irin namu na zafi da ƙura, rashin ko guda ɗaya ya isa ya cinye sabon aiki. Haka ma tayimin da ya zarce, ko kafireta mai rowar fetur.

Masu gareji, don Allah ku ce wa mai mota ya dawo bayan 'yan ɗaruruwan kilomita na farko a sake auna tazara, ya kuma bar motar ta kwana tukuna don injin ya huce.