Yadda Ake Rage Nauyin Bashi Ta Hanyar Sauya Masa Gida

Jama'a, Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Da damina ta faɗi, manomi a Kara ko Getso ko Garo yana bukatar taki da iri da kuɗin ƙwadago. Idan rumbu ya yi ƙasa, sai a nufi mai ba da bashi da ruwa. Kafin kaka ta zo, ruwan ya cinye rabin amfanin gona. A wannan wata za mu yi bayanin wata dabara ta rage wannan nauyi. Dabarar ita ce a ɗauke bashi daga wuri mai tsada a mai da shi wuri mai sauƙi.

Yadda ake yi a ƙasashen waje

A Amurka da Ingila bankuna suna ba mutane wani kati da ake kira katin bashi. Ya bambanta da katin da muke cirar kuɗi da shi wurin mai POS. Namu kuɗinka ne da ka ajiye kake cira. Nasu kuwa kuɗin banki ne kake kashewa, ka biya daga baya da ruwa. A shekarar 2024 ruwan irin wannan kati a Amurka ya haura 20 cikin 100 a shekara.

Saboda gasar neman masu hulɗa, sai wani banki ya ce: kawo bashinka wurinmu. Shi zai biya tsohon bankin, bashin ya dawo kansa. Sai ya ɗaga maka ƙafa, babu ruwa, na kamar shekara ɗaya ko fiye. Amma yana karɓar ladan sauyi tun farko, yawanci 3 zuwa 5 cikin 100 na bashin. Da wa'adin ya cika, ruwa mai yawa ya dawo kan abin da ya saura. Wanda ya biya kafin wa'adi ya ci riba. Wanda ya yi sakaci yana nan inda yake.

Mu a karkara ba mu da wannan kati. Amma dabarar tana aiki a wurinmu, muddin an iya lissafi.

Mu yi lissafi tare

Ɗauko fensir da takarda. Ga misali. Ana bin wani manomi N100,000. Mai kuɗin yana karɓar N10 a kan kowace N100 duk wata. Wato N10,000 ke nan a wata. Saura wata 6 manomin ya sayar da gyaɗa da dawa ya biya. Idan ya zauna a nan, ruwa kaɗai zai kai N60,000.

To, a ce yana cikin ƙungiyar gama kai ta manoma. Ƙungiyar ta yarda ta ba shi N100,000 ya sallami mai kuɗin. Ita N2 take karɓa a kan N100 duk wata, da N3,000 kuɗin takarda. A wata 6 zai biya N12,000, a haɗa da N3,000, ya zama N15,000. A cire N15,000 daga N60,000. Ya tsira da N45,000 a aljihunsa.

Idan kuwa ɗan'uwa ne ya ba shi rance babu ƙari, duk N60,000 ɗin sun zama nasa.

Tarkon da ke ciki

Ba kowane sauyi ne ke da amfani ba. A ce wani ya zo da daɗin baki, ya ce: "Wata 3 babu ruwa." Amma zai karɓi N10,000 tun farko. Bayan wata 3 kuma N15 ne a kan N100 duk wata. Idan manomin nan ya biya cikin wata 3, N10,000 kawai ya kashe. Idan sai wata 6, zai biya N10,000 da N45,000, wato N55,000. Ribarsa N5,000 ce kacal, kuma kuɗin mota zuwa Gwarzo ko Kano zai cinye ta. A wata na 7 sun yi kunnen doki da tsohon bashin, N70,000 kowanne. A wata na 8 sabon ya kai N85,000, tsohon kuwa N80,000. An gudu ba a tsira ba.

A kula kuma da bashin da ake tallatawa ta wayar salula. Wa'adinsa gajere ne, ruwansa mai yawa. Wasu kamfanonin, idan mutum ya makara, sukan aika saƙon cin mutunci ga 'yan'uwansa da abokansa. A shekarar 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas saboda irin wannan hali.

Ina ake samun bashi mai sauƙi?

Na farko shi ne rancen dangi da aminai, wanda babu ƙari. Na biyu adashe. Kana iya roƙon uwar adashe ta ba ka ɗauka da wuri, ka kashe bashin, ka ci gaba da zubi. Na uku ƙungiyar gama kai mai rajista. Na huɗu banki. Akwai Bankin Manoma na gwamnatin tarayya. A shekarar 2000 aka kafa shi, bayan an haɗe tsohon bankin manoma da Bankin Jama'a na 1989 da shirin bunƙasa tattalin arzikin iyali. Akwai kuma bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012. Su sukan sayi kaya su sayar maka da riba sananniya, ka biya a hankali. Saboda haka sun fi amfani wajen taki da kayan aiki na baɗi, don kada ka sake komawa wurin mai ruwa.

Addini ya hana riba, kuma ya kwaɗaitar da rance mai kyau. Fita daga bashin ruwa zuwa rance marar ƙari ya fi komai. Inda ka ga ƙari ko wani lada da ba ka gane ba, ka tambayi malaminku.

Wani lokaci ma ba sai an ci sabon bashi ba. Sayar da tunkiya biyu a kashe bashin ya fi a bar ruwa ya cinye garken duka. Amma kada ka yi gaggawar jinginar da gona. Gona ita ce za ta biya bashin.

Tambayoyi 5 kafin ka sa hannu

1. Ruwan nan na wata ne ko na shekara? N10 a wata, N120 ne a shekara. N24 a shekara kuwa N2 ne a wata.
2. Nawa ne kuɗin takarda da sauran caji?
3. Yaushe rangwamen zai ƙare, kuma nawa zai koma?
4. Mene ne tarar wanda ya makara?
5. Me aka ce in ajiye jingina?

Idan ka karɓi sabon kuɗin, ka kai wa tsohon mai bashi a ranar. Kada su kwana a gida, don hidimar biki da suna ba ta ƙarewa. Ka biya gaban shaidu biyu, a rubuta, ka karɓi takardarka. Kuma kada ka koma ka ci wani a tsohon wurin, in ba haka ba bashi ɗaya ya zama biyu.

Wannan shi ne amfanin zuwa ajin yaƙi da jahilci. Wanda ya iya karatu da lissafi, shi zai karanta takarda da kansa kafin ya dangwala yatsa. Idan wata kalma ta shige maka duhu, kai wa malamin ajinku ku duba tare.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raba mu da nauyin bashi, amin.