Ko Ka Sani? A Ƙasarmu Ba Dole Ne Farantin Sola Ya Kalli Kudu Ba

Ko ka san cewa a Ikara, Makarfi da Kudan rana tana yin kusan wata huɗu a kowace shekara tana ratsawa ta arewa da kanmu? Daga wajen 20 ga Afrilu zuwa wajen 23 ga Agusta, duk wanda ya kafa sanda a tsakar gida ya duba ta lokacin zawali, kusan ƙarfe 12:30, zai ga inuwarta ta faɗi kudu. A waɗancan ranaku biyu kuwa inuwar ɓacewa take yi a gindin sandar. Malaman da ke auna lokacin Azahar da inuwa sun daɗe da sanin haka. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 janareta ya gagari talaka, sannan Arewa ta kwana fiye da mako cikin duhu a Oktoban 2024, jama'a suka koma ga sola, sai wata magana ta bazu cewa faranti ba ya aiki sai ya kalli kudu. A kanta wani ya fasa sayen sola, wani ya biya mai walda ya ƙera masa dogayen ƙarafa a kan rufin da ba ya bukatarsu.

Maganar gaskiya ce, amma a inda aka haife ta. Birnin Balin na Jamus yana digiri 52 arewa da layin da ya raba duniya biyu, rana ba ta taɓa zuwa saman kansu, kuma a Disamba ko da tsakar rana digiri 14 kacal take ɗagowa daga doron ƙasa, can ta kudu. Bajamushen da ya juya farantinsa arewa ya yi asara babba. A Afirka ta Kudu da Ostireliya akasin haka ake koyarwa, arewa suke juya nasu. Mu kuwa muna digiri 11 da 'yan kai. Ranar 21 ga Disamba, lokacin da rana ta fi nisa kudu, digiri 35 kawai take kaucewa daga saman kai, sannan ranar 21 ga Yuni tana digiri 12 ta arewa. Ranar da take yawo a saman kai haka, farantin da aka kwantar kusan a shimfiɗe shi ya fi kama ta, shi ya sa karkatar da ta dace da yankinmu ba ta wuce digiri 10 zuwa 15.

A wannan 'yar karkata, lissafin kusurwa mai sauƙi ne. Da tsakar rana a ƙarshen Disamba, faranti mai karkatar digiri 10 da ke kallon kudu yana kama kusan kashi 91 cikin 100 na hasken da ke zuwa kai tsaye, mai kallon arewa kashi 71. A ƙarshen Yuni reshe ya juye da mujiya: na arewa yana kama kusan duka, na kudu kashi 93. Mai kallon gabas ko yamma yana tsakaninsu, kuma idan aka tara shekara abin da ya rasa kashi kaɗan ne cikin 100. Kudu ta fi, ba a musu, sai dai ratar ba ta kai a rushe shiri saboda ita ba.

Batir ne ya sa hujjar ta ƙara nauyi. A Turai gidaje da yawa suna tura rarar wutarsu cikin layin gwamnati a biya su, don haka jimlar shekara suke dubawa. Magidanci a Hunkuyi ko Paki ba wanda zai sayi rararsa. A Maris batirinsa kan cika tun kafin La'asar, sauran hasken ya tafi a banza. Abin da ya dame shi shi ne watan da ya fi ƙarancin rana, ko batir zai cika ya kai fanka da fitila asuba, kuma wannan watan a yankin Zazzau Agusta ne, lokacin marka. To a Agusta rana tana saman kai, hasken da ke ratso hadari kuma warwatse yake zuwa daga ko'ina a sama. Ke nan a daidai lokacin da gida ya fi bukatar kowane ɗigon wuta, kallon kudu ba ya ƙara komai. Raba farantai biyu, wasu gabas wasu yamma, yana da nasa amfani ma: na gabas suna fara caji da hantsi lokacin da batir ya kwana da yunwa, na yamma suna riƙe gida har rana ta yi sanyi, sai daren da batir zai ɗauka shi kaɗai ya ɗan gajarta.

Mai gardama zai ce ai ba kowane rufi ne kwantacce ba, kuma ya yi gaskiya. Rufin zamani mai tsini da ake yayi yanzu yana iya kai digiri 30 ko fiye. A ɓangarensa na arewa, da tsakar rana a Disamba, faranti bai fi kashi 42 na hasken kai tsaye yake kamawa ba, alhali na kudu yana kama kusan duka. A irin wannan rufi a guji arewa, ko a sa ƙarfe ya rage gangarar. Mai soro ba ruwansa da wannan duka, tunda dole ya kafa ƙarfe, sai ya juya kudu kawai. Amma kada a shimfiɗa faranti sarai, domin ruwan sama ba zai gangara ya wanke shi ba. Wani kuskure kuma shi ne jera farantan gabas da na yamma a waya ɗaya, wannan na bin wancan, inda mai rauni yake jan sauran ƙasa. Kowane ɓangare a yi masa layinsa, in da hali da tasa kwantirolar caji.

Abin da ke cinye wutar sola a nan daban ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta shimfiɗa a kan gilashi, kuma farantin da ya yi makonni ba wanki yana asarar da ta fi ta kallon gabas. Ga inuwa: reshen darbejiya, tankin ruwa ko benen maƙwabci, idan ya rufe gefen faranti ɗaya yana iya rage wutar layin gaba ɗaya. Ga zafi: ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a digiri 25, kuma yana raguwa da kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri da ya ƙaru. A bazara farantin da aka manne da kwano yana iya haura digiri 60, ya rasa fiye da kashi 10, shi ya sa ake barin rata a ƙasansa iska ta wuce. Batir mai ruwa na 200Ah, mai bolt 12, rabin abin da ke cikinsa ne kawai na amfani, a zuƙe shi ƙasa da haka kullum ko a ajiye shi a ɗaki mai zafi ya mutu da wuri. Na litiyom ya fi juriya, ya kuma fi tsada.

Don haka kafin ka biya mai haɗa sola, tambaye shi digirin gangarar rufinka, ku tsaya tare ku ga inda inuwa take faɗawa da hantsi da La'asar, kuma ka tabbata akwai hanyar hawa a wanke farantan da sassafe kafin su yi zafi.