Kwalin Magani a Kudai

A Kudai, kudu da Haramin Makka, inda alhazan Najeriya da dama ke sauka, mahajjaci kan miƙo wa nas ƙwayoyi ƙulle a leda, ya baro kwalin a gida. Duka farare. Wanne ne na hawan jini, wanne na suga? Wannan ganganci ne babba.

Ko da kwalin ma, ido na ruɗewa idan layi ya yi tsawo. Hydralazine na saukar da hawan jini, hydroxyzine na ƙaiƙayi ne, amma sunayensu na kama da juna. Shi ya sa a 2001 hukumar magunguna ta Amurka ta nemi kamfanoni su buga inda sunayen suka bambanta da manyan baƙaƙe: hydrALAZINE, hydrOXYzine.

Ana koya wa nas karanta suna da ƙarfin magani sau uku: wajen ɗaukowa, wajen aunawa, sannan kafin ta bai wa majiyyaci.