Zarton lantarki a gida: A cire soket kafin a taɓa sarƙa

Duk wanda ya san Maiduguri ya san inuwar dogon yaro. Tun shekarar 1928 aka fara dasa wannan bishiya a lardin Borno, yau kuma da wuya ka ga titi ko unguwar da babu ita. Sai dai da zarar iskar farkon damina ta taso, rassa kan karye su faɗa kan katanga ko rufin kwano. Shi ya sa wasu magidanta da masu faskare ke sayen zarton lantarki mai sarƙa, domin ya fi na fetur sauƙin ɗauka da ƙarancin ƙara.

Wannan sauƙin shi ke yaudarar mutane. Sarƙarsa na gudun sama da mita 10 cikin sakan guda, kuma ba ta bambance ice da ƙashi.

Babban haɗarin a garinmu shi ne ɗaukewar wuta. Mutum na tsaka da aiki sai a ɗauke, ya zauna yana gyaran sarƙa da hannu alhali wayar na jone. Idan aka dawo da wuta ko aka tada janareta, ɗan taɓa makunni kawai ya isa ya raba shi da yatsu. Don haka a cire soket kafin a ɗaure sarƙa, ko a wasa ta, ko a ajiye injin, da wuta ko babu. Mai amfani da batir kuma a zare batirinsa.

Haɗari na biyu shi ne harbi. Idan saman bakin zarton ya taɓa ice ko ƙusa, injin kan yi tsalle ya nufo fuska. A riƙe shi da hannu biyu, a tsaya ta gefensa, kar a yi yanka da bakin, kuma a gwada birkin sarƙa kafin a fara. Kar a yi yanka sama da kafaɗa, ko a kan tsani, ko kusa da wayar lantarki. Reshen da ya hau waya aikin ma'aikatan wuta ne.

Babbar riga da rawani da silifas ba kayan wannan aiki ba ne, domin sarƙa na iya fizgar tufa. A sa takalmi sau-ciki mai ƙarfi, da safar hannu, da tabarau, da abin toshe kunne. Wayar ta kasance mai kauri, a bar ta ta baya, kuma kar a yi aiki cikin ruwan sama ko a jiƙaƙƙen wuri. Yara su shiga ɗaki har a gama.

Wajen kulawa, ƙurar hunturu da yashin da ke maƙale a ɓawon ice kan dakushe haƙora da wuri. Idan zarto ya fara fitar da gari mai laushi maimakon ɓarɓashi, lokacin wasawa ya yi. A duba man sarƙa kafin kowane aiki, a guji baƙin man mota, a kuma ɗaure sarƙa bayan ta huce. In an gama, a goge, a sa murfi, a kulle inda yaro ba zai kai ba.

Idan tsautsayi ya faru, a danne raunin da tsumma mai tsabta, kar a zuba toka ko ƙasa ko man inji. Yatsan da ya cire a naɗe shi cikin tsumma mai danshi, a sa a leda a ɗaure, sannan a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara. A garzaya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ko Asibitin Ƙwararru na jiha ba tare da ɓata lokaci ba, kuma a tambayi likita batun allurar tetanus.

Allah Ya kiyaye mu da iyalanmu.