Ziyarar Shugabanni Da Zumuncin Najeriya Da Nijar: Yadda Ake Ganinsu Daga Batsari Da Safana

 Yau za mu tattauna ne a kan zumuncin Najeriya da Nijar, da rawar da ziyarar shugabanni ke takawa wajen ƙulla shi. Inda za mu tsaya mu hangi lamarin kuwa shi ne yammacin jihar Katsina, wato Batsari da Safana, a bakin dajin Rugu. Sai ku gyara zama.

Ranar Laraba, 3 ga watan Yunin 2015, kwana biyar kacal da rantsar da shi, Shugaba Muhammadu Buhari ya sauka a filin jirgin sama na Diori Hamani da ke Yamai, inda Shugaba Mahamadou Issoufou ya tarbe shi. Wannan ce tafiyarsa ta farko zuwa wata ƙasa bayan ya kama mulki. Washegari ya zarce N'Djamena wurin Idriss Déby. A harkar diflomasiyya, ƙasar da sabon shugaba ya fara takawa saƙo ce ga duniya. Buhari bai fara da Amurka ko Ingila ba, ya fara da maƙwabcin da ke bayan katanga. Abin da ya mamaye tattaunawar shi ne Boko Haram, kuma cikin 'yan kwanaki shugabannin yankin tafkin Chadi suka hallara a Abuja suka ƙarfafa rundunar haɗin gwiwa mai hedikwata a N'Djamena.

Wani zai ce, me ziyara ke ƙarawa, tunda ga waya, ga jakadu? Abin da muke gani a talabijin shi ne jar darduma da faretin ban girma da taken ƙasa. Aikin gaske yana faruwa ne bayan an rufe ƙofa, lokacin da mutum biyu za su faɗa wa juna abin da ba a rubutawa a takarda. Idan sun fito, ministoci su sa hannu, a karanta sanarwar bayan taro. Daga nan umarni ya gangaro: kwamandan soja a wannan ɓangare ya samu izinin kiran takwaransa na can kai tsaye, jami'in kwastam a Magamar Jibiya ya san matsayin ɗan'uwansa na duwan a Ɗan Isa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma ƙasashe ma haka ne.

To mene ne haɗin mutumin Batsari ko na Safana da wannan?

Haɗin ya girmi ƙasashen biyu. Bayan da masu jihadi suka ci birnin Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga bisani Ɗan Kasawa ya kafa gadon sarauta a Maraɗi wajen 1819. Har gobe sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa. Kusan duk ƙarni na 19 an yi shi ana kai wa juna hari tsakanin Katsina da Maraɗi, kuma ƙasar Ruma, wato yankin Batsari, na daga cikin inda mahaya ke ratsawa. Tsofaffin Ruma har yanzu suna ba da labarin jaruminsu Ɗanwaire. Mutanen wannan yanki sun daɗe da sanin cewa idan manyan Katsina da na Maraɗi ba sa ga-maciji, gonakin bakin daji ne ke fara zama kufai. Da Turawan Ingila da na Faransa suka ja layinsu a farkon ƙarni na 20, sun raba mulki ne, amma auratayya da fatauci da kiwo suka ci gaba da bin tsofaffin hanyoyinsu.

Ku shiga kasuwar Batsari ranar Alhamis a lokacin da ake zaman lafiya. Ga tulin rogo da dankali da ƙasar nan ta yi suna a kansu, ga 'yan dako suna ɗora buhunan masara da dawa a motocin da za su nufi Jibiya. A kara kuma, musamman gabanin Babbar Sallah, dillali zai kama ƙahon rago ya ce maka wannan na Nijar ne, dubi tsayinsa. Mai saye na lissafi da naira, mai sayarwa na juya kuɗin zuwa sefa a ransa, jaka nawa za ta tashi. Farashin tiyar hatsi a wannan kasuwa yana jin motsin iyaka kafin a karanta labarin a rediyo.

Akwai ziyarce-ziyarcen da suka bar abin da ake ci har yau. Lokacin yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, Shugaba Diori Hamani ya tsaya tare da gwamnatin Janar Yakubu Gowon, duk da cewa Faransa ta karkata ga Biyafara. Wannan amana ce ta haifar da Hukumar Haɗin Gwiwa ta Najeriya da Nijar a 1971, mai mazauni a Yamai. A kan wannan turba aka ja wutar lantarki daga madatsar Kainji zuwa Nijar, har ta kai ƙasar na samun kimanin kashi 70 cikin 100 na wutarta daga Najeriya. A 1990 kuma, zamanin Janar Babangida da Janar Ali Saibou, aka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan kogunan da ƙasashen biyu suka yi tarayya a kansu. A cikinsu akwai kogin Gada, wanda madatsar Jibiya ke kansa, shi ne kuma yake zama Gulbin Maraɗi idan ya tsallaka. Mai lambu a Madarunfa da mai noman rani a Jibiya ruwa ɗaya suke sha, kuma takardar da shugabanni suka sa wa hannu ce ke hana su rigima.

Idan yanzu kuka kama mu, shirin musamman ne kuke saurare, muna duba ziyarar shugabannin Najeriya da Nijar da abin da take kawo wa mutanen Batsari da Safana.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta. Ba kowace ziyara ce ke isowa bakin daji ba. Zamanin Buhari da Issoufou, sannan magajin Issoufou, Mohamed Bazoum, ba a taɓa ganin kai-da-komo irin nasa ba. A watan Yulin 2018 Issoufou ya zo Abuja, aka sa hannu kan yarjejeniyar gina matatar mai a jihar Katsina, wadda za ta riƙa tace ɗanyen man Nijar. Jama'a sun yi murna, amma matatar ba ta tashi ba. A watan Maris na 2021 Issoufou ya zo bankwana, ya karrama Buhari da lambar yabo mafi girma ta ƙasarsa, aka kuma sa wa wani babban titi a Abuja sunan Issoufou. A Nuwamban 2022 Yamai ta rama, ta buɗe titi mai sunan Buhari. Duk wannan karamci ne, ba mu raina shi ba.

Amma a tsakanin waɗannan shekarun ne, a watan Agustan 2019, Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020, har aka hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Dattawan Maraɗi suka tuna 1984, lokacin da mulkin soja na Buhari ya rufe iyaka ana tsakiyar fari. A cikin shekarun ne kuma, a watan Fabrairun 2020, 'yan bindiga suka afka wa Tsauwa da Ɗankar a ƙaramar hukumar Batsari, suka kashe mutum 30. A 2021 gwamnatin Katsina ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, aka kuma katse layukan waya a yankuna da dama, Batsari da Safana duk suna ciki. Manomin Runka ko na Zakka da ya bar gonarsa ta zama saura saboda tsoro, wanda ya sayar da shanun huɗa ya biya kuɗin fansa, yana da haƙƙin ya tambaya: duk wannan zumunci na fadar shugabanni, ina rabona?

Tambayarsa tana kan hanya, domin matsalarsa ba ta ƙasa ɗaya ba ce. Dajin Rugu yana haɗe da dazukan Zamfara, su kuma suna miƙewa har dajin Baban Rafi a jihar Maraɗi. Ɓarawon daji ba ya neman biza. Idan an matsa masa a nan ya tsallaka can, shanun da aka kora daga nan a sayar da su a wata ƙasa, makami kuma ya biyo hanyar da shanun suka bi ya dawo. Sojan Najeriya ba shi da hurumin bin sa cikin Nijar, na Nijar ma haka, sai da yardar shugabanni. A nan ne ziyara take zama maganar rai da mutuwa.

An taɓa gwadawa a matakin gwamnoni. A watan Satumban 2019, Aminu Bello Masari na Katsina da Aminu Waziri Tambuwal na Sakkwato da Bello Matawalle na Zamfara suka je Maraɗi wurin Gwamna Zakari Oumarou, suka sa hannu kan yarjejeniyar tsaron iyaka. A ganina wannan tafiya ta fi kusa da buƙatar mutumin Safana fiye da tarurruka da yawa na manyan birane, domin waɗanda suka zauna sun san sunayen ƙauyukan. A wannan shekarar ce kuma hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga sama da mutum 40,000 da suka tsere daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi. Talakawan ƙauyukan Gidan Runji da kewaye ne suka fara buɗe musu zaure da rumbu, kafin wata hukuma ta iso. Wannan alheri ne da bai kamata mu manta ba.

Akwai kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Bai ratsa Batsari ba, amma Jibiya maƙwabciya ce, kuma in an kammala shi, rogon Batsari zai samu tasha kusa da gida, muddin hanyar da za ta kai shi can tana biyuwa ba fargaba.

Sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da Janar Abdourahamane Tiani ya kifar da Bazoum. ECOWAS, ƙarƙashin jagorancin Shugaba Bola Tinubu, ta ƙaƙaba takunkumi, ta yi barazanar amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, aka yanke wuta. Manyan motoci suka yi jerin gwano a Jibiya, kaya na ruɓewa a ciki. A wannan lokaci da shugabanni suka daina magana, ku dubi waɗanda suka ɗauki ƙafa: Janar Abdulsalami Abubakar tare da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, sai Muhammadu Sanusi na Biyu da ya gana da Tiani da rakiyar Sarkin Damagaram, sai ayarin malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau. Tafiye-tafiyen nan sun taimaka ƙwarai wajen sanyaya zukata a lokacin da ake kaɗa gangar yaƙi.

ECOWAS ta ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, aka buɗe iyaka a watan Maris. A Agustan shekarar babban hafsan tsaron Najeriya na lokacin, Janar Christopher Musa, ya je Yamai ya gana da takwaransa Janar Moussa Salaou Barmou. Duk da haka a Disamba Tiani ya fito, da harshen Hausa, ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa, Abuja ta musanta. A Janairun 2025 ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata. A watan Afrilu ministan harkokin wajen Najeriya na lokacin, Yusuf Maitama Tuggar, ya je Yamai wurin takwaransa Bakary Yaou Sangaré, suka yi maganar farfaɗo da hukumar nan ta 1971. Da Allah ya yi wa Buhari rasuwa a Yulin 2025, Firaministan Nijar Ali Mahamane Lamine Zeine da tsohon Shugaba Issoufou sun zo Daura jana'iza. Duk da saɓanin siyasa, ba a yanke gaisuwar mutuwa ba.

Ministoci da hafsoshi sun share fage, amma akwai ƙullin da ba mai kwance shi sai masu riƙe da ragamar ƙasashen biyu. Izinin sintirin haɗin gwiwa daga Rugu zuwa Baban Rafi, musayar bayanan sirri a kan lokaci, bin sawun shanun sata a kasuwannin ɓangarorin biyu, da alkawarin cewa ko an yi saɓani ba za a sake rufe wa talaka hanyar abinci ba, duk waɗannan sai da sa hannun shugaba. Sulhun da al'ummomin Batsari da Jibiya da Safana suka shiga da mutanen daji a 2025 ya kawo sauƙi a wurare, amma sulhun ƙaramar hukuma ba zai iya toshe hanyar makaman da ke tsallaka iyakar ƙasa ba.

Don haka kiranmu ga Shugaba Tinubu da Janar Tiani shi ne su zauna ido da ido, ko a Abuja, ko a Yamai, ko ma a Katsina ko Maraɗi, inda jama'ar da abin ya shafa za su gan su. A sa dajin Rugu a cikin ajanda da sunansa. A saurari hakiman Batsari da Safana, wato Sarkin Ruma da Yariman Katsina, da takwarorinsu na Madarunfa da Ɗan Isa kafin a rubuta sanarwa, a kuma sa wa kowane alkawari wa'adi da wanda za a tuhuma idan bai cika ba. Ku kuma masu sauraro na Batsari da Safana, idan 'yan majalisarku sun zo gida, ku tambaye su inda aka kwana kan yarjejeniyar Maraɗi ta 2019 da maganar matatar mai ta 2018.

A nan za mu dasa aya a shirin namu na yau. Allah ya zaunar da ƙasashenmu biyu lafiya.