Ɗinkin Da Ba A Gani Shi Ke Riƙe Wanda Ake Gani

Yau hirarmu a kan aikin kwamfuta ne, wanda ake zuba wa wuyan riga da mayafi da bajon 'yan makaranta.

Kwanakin baya wata maƙwabciyata a nan Miga ta aika da shaddar Sallah yadi 5 Dutse a yi mata aiki. Furen ya fito tsaf, amma wanki ɗaya wuyan ya tattare kamar bakin jaka. Ta ce laifin shadda ne. Da na duba, sai na ga farce yana shiga tsakanin zaren har yadi ya leƙo. Ba a yi wa aikin shimfiɗa ba.

Ga yadda abin yake, uwargida. Keken ba ya san fure ba. Mai tsara zane a kwamfuta shi ke nuna wa allura duk inda za ta soka. Zare kuwa jan yadi yake yi, kowace suka da nata jan. Don haka gwani yakan fara tsara wani ɗinki mai tazara a ƙasa, wanda zai kafe yadin a jikin farar takardar da ake sa wa a baya, sa'an nan zaren ado ya hau kansa.

Siririn layi, kamar rubutun bajo, ɗinki ɗaya ta tsakiya ya ishe shi. Layi mai kauri ana bin gefe da gefensa daga ciki, a ƙara zigizaga. Wuri mai faɗi, kamar cikin ganye, shimfiɗar takan gitta wa ɗinkin sama ne. Amma yadi mai santsi marar kauri, irin na mayafi, in an cika masa shimfiɗa sai ya sandare.

Ke 'yar makaranta, ai kin san ana kama yadi da manyan suka kafin a ɗinke shi sosai. To, dabarar ke nan.

Saboda haka, uwargida, kafin ki miƙa shaddarki, ki ce a gwada miki zanen a ƙyallenta. Ki tsaya ki ga ko allura ta fara zagaya zanen da ɗinki mai tazara. Ki wanke ƙyallen, ki shanya. In bai tattare ba, to, bisimilla. Tun ran gini, ran zane.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.